Saƙon Da Auta Ya Tura Wa Mamaci

Jama'ar wannan shafi, tun da aka ba ni labarin nan gabana yake faɗuwa. Ku karanta a nutse, musamman masu yara da suka iya kwamfuta.

Akwai wata mata da ake kira Maman Biyu, tana ɗinka kayan jarirai tana sayarwa ta intanet. Shagon nata ɗaki ɗaya ne a gefen falo: keken ɗinki, teburin yanka, da wata durowa mai ƙara idan an ja ta. Mijinta ne ya buɗe mata shafin sayarwa, shi ke kula da shi har Allah ya karɓi ransa. Da shagon nan take ciyar da 'yan biyunta.

Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma ga yadda 'yata ta fahimtar da ni. Idan wani shafi ya saka adireshin naka a cikin nasa, ana ce masa mahaɗi. Kamar mutum ne ya nuna wa baƙo ƙofar gidanka. Idan masu nuna ka suka yi yawa, duk wanda ya nemi kayan jarirai a waya, kai zai fara gani.

Marigayin da haƙuri ya tara nasu. Akwai wata ungozoma mai ɗan shafin ba masu jego shawara, akwai malamar makarantar raino, akwai irinsu da yawa. Yana da wata tsohuwar manhaja da ke tara masa mahaɗan wuri ɗaya, kuma a gefen kowanne yakan rubuta mai shi da yadda suka haɗu.

Bayan rasuwarsa sai ƙanenta, autan gidansu, ya karɓi aikin. Yaro ne mai kai, amma ba ya jin magana.

"Yaya, wannan manhajar ai ta girme ni," in ji shi. "Sai ta yi tari kafin ta buɗe. Zan kwashe komai in mayar cikin sabuwa."

"Auta, ka bar ta mana. Da ita ya saba."

"Shi ya saba da ita, Yaya. Yanzu kuma ni ne a wurin."

Maganar ta soke ta, amma ta sunkuyar da kai ta ci gaba da taka keke.

Da ya zo kwashewa, tsohuwar manhajar ta tambaye shi: adireshi kaɗai zai ɗauka, ko har da bayanan da aka rubuta a gefe? Ɗaukar bayanan na buƙatar ya zauna ya daidaita su da hannu, shi kuwa abokansa na jiran sa a waje. Ya ɗauki adireshi tsirara, ya zuba a sabuwa, ya goge tsohuwar gaba ɗaya.

Ita sabuwar ba ta san kowa ba. Duk ƙaramin shafin da ba shi da mabiya da yawa sai ta shafa masa ja, wai yana iya cutarwa. Auta ya ga allo ya yi jawur, ya yi dariya.

"Kin gani? Mijinki tarkace ya yi ta tarawa."

Bai buɗe ko ɗaya ya duba ba. Ya rubuta saƙo guda cewa su cire mahaɗan, ya danna ya tafi ga dukkansu, ya kuma saita manhajar ta riƙa maimaita shi ga duk wanda bai cire ba. Bai gaya wa yayarsa ba.

Daga nan shagon ya fara yin shiru. Wayar da a da take hana ta cin abinci a zaune ta koma kamar an ɗaure mata baki. Riguna suka taru a kan igiya, ƙananan hannayensu na lilo idan fanka ta juyo. Maman Biyu ta daina son shiga ɗakin ita kaɗai. Ta ce ji take kamar rigunan jiran wani suke.

Wata rana da tsakar rana, yara suna makaranta, tana yanka yadi, sai ta ji gurnani daga cikin durowa.

Ta tsaya da almakashi a hannu. Gurnanin ya sake zuwa, katako na rawa a hankali.

Abu ɗaya ne a cikin durowar nan mai iya yin haka. Wayar marigayi, naɗe cikin hularsa. Ta rantse tun da ta ajiye ta ba ta taɓa sa ta a caji ba.

Ba ta buɗe ba. Ta fita tsakar gida ta zauna a rana har yara suka dawo.

Bayan 'yan kwanaki gurnanin ya sake zuwa. Ya kuma sake. Kullum da rana tsaka, kullum tana ita kaɗai. Ta tambayi 'yan biyu ko su ke wasa da wayar Abbansu, suka ce ko durowar ba sa iya ja. Ta rame, idanunta suka faɗa. Ga babu ciniki, har ta fara tunanin sayar da keken.

Ranar da ta kasa jurewa, ta yi addu'a, ta ja durowar. Durowar ta yi ƙararta. Hasken waya na fitowa ta cikin saƙar hular. A kan gilashin ga saƙo, kuma daga adireshin shagonta ya fito:

"Ka cire mahaɗinmu daga shafinka. Yana zubar mana da daraja. Wannan tunatarwa ce."

Ta kira Auta. Da ya zo ta miƙa masa wayar.

"Karanta. Da ƙarfi."

Ya karanta rabi, ya ɗago ya dube ta.

"Yaya, wallahi ban san nasa na ciki ba. Manhajar ce ta..."

"Manhajar ce ta haife ka? Su wa kuma ka tura wa?"

Ya buɗe kwamfutarsa. Allon da a da yake cike ya zama wayam. Duk mutanen sun ji saƙo, sun cire. Ja ɗaya tak ya rage a tsakiyar fari, kuma a gefensa an rubuta: an gan shi yau.

Ashe marigayin yana da wani ɗan shafi nasa tun kafin aure, inda yake rubuta abin da ya zo masa a rai. Shi ne kaɗai bai cire ba, don babu mai cirewa. Shi ya sa tunatarwar ke ta komawa wurinsa.

"Buɗe," in ji ta.

Ya buɗe. Hoton ƙaramar riga ce ruwan madara, ta farko da ta taɓa ɗinkawa. A ƙasa marigayin ya rubuta: "Aikin matata ne. Hannunta yana da kyau, kunya ce kawai ta yi mata yawa. Ku leƙa mata."

Auta ya rufe fuskarsa da tafukansa. Ita kuwa sai ta shafa gilashin da yatsa, ta ce, "Wannan ne tarkacen?"

Nan take ya kashe tunatarwar. Amma gyara ya fi ɓarna wuya. Sunayen mutanen da yadda aka san su duk sun tafi da tsohuwar manhaja. Adireshi kawai ya rage masa, sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana neman masu su.

Ungozomar ya fara samu, a wani ƙaramin ɗaki mai warin maganin wanke hannu. Ta dube shi sama da ƙasa ta saman tabarau.

"Au, kai ne mai daraja? Zauna, kada bencina ya zubar maka da ita."

"Mama, ki yi haƙuri. Kuskure ne."

"Ɗan nan, mijin yayarka a bencin nan ya zauna yana riƙe wa wata mai jego jariri har na gama aiki, kafin ma ya faɗi abin da ya kawo shi. Kai ko sallama babu a saƙonka. Na ɗauka matarsa ce ta yi arziki ta gaji da mu."

Ta mayar da mahaɗin, amma ta ce don marayu ta yi. Malamar raino ma ta mayar. Wasu ba su amsa ba har yau, wasu bai ma gano su ba.

Ciniki ya dawo, ba kamar da ba, amma ya isa ta riƙe 'ya'yanta, keken ma yana nan. Auta yanzu duk wanda ya samo, da hannunsa yake rubuta ko wane ne a gefen adireshin. Ja ɗin nan na marigayi kuwa, ta hana shi taɓawa.

Wayar ba ta sake motsi ba. Auta ya ce wataƙila yaran ne suka sa ta a caji suka ji tsoron faɗa. Wataƙila. Ni dai abin da aka gaya mini shi ne, da ta mayar da ita cikin hular, ta danna ta ko'ina, ta ƙi kawo haske. Har yanzu idan rana ta take, Maman Biyu takan tsayar da keke ta saurara.

Darasi: Idan aka damƙa maka aikin da wani ya gina, kada ka kwashe shi da gaggawa ka zubar da abin da ba ka gane ba. Tambayi wanda ya sani, ka duba da idonka kafin ka yanke wa mutane hukunci, domin na'ura ba ta san wanda ya yi maka alheri ba. Don Allah ku tura wa 'ya'yanku da ƙannenku masu saurin danna abu, ko Allah zai sa wani ya tsaya ya duba.