Duwatsu Uku na Tungar Ranau

A zamanin da dajin gabas da gulbinmu bai san gatari ba, lokacin da giwaye ke sauka shan ruwa da rana tsaka babu mai ce musu kanzil, wasu maharba biyu suka shigo shi daga arewa. Wa da ƙane ne, ciki ɗaya. Babban shi ne Dogara, wanda ake yi wa kirari da "Na Kuluwa, baka ɗaya kibiya ɗaya, ba ka harbi sau biyu!" Ƙaramin kuwa Ranau, shi ma gemu ya fito masa, amma a wurin Dogara har gobe ƙane ne. Ranar da za su baro gida, mahaifiyarsu Kuluwa, wadda idanunta suka riga suka tafi, ta lalubo hannun Ranau ta sa a na Dogara, ta ce, "Ga amana. Yadda ka fita da shi, haka za ka dawo mini da shi."

Suka kafa bukka kusa da wata kuka a bakin fadama, suka kama farautar burtu. Ku da kuka tashi a zamanin bindiga ba ku san wannan ba. Maharbi yakan ɗaura kan tsuntsun burtu a goshinsa, ya yafa baƙin zane, ya shiga ciyawa da rarrafe yana sara ƙasa kamar mai kiwo, har ya isa kusa da nama bai ankara ba. A wannan fanni babu kamar Ranau. An ce burtayen gaske ma sukan taho su jera da shi, ba su gane akwai mutum a cikinsu ba.

Saboda haka maharba suke da ƙa'ida. Duk wanda zai shiga fadama da burtu, sai ya ɗora duwatsu uku, ɗaya bisa ɗaya, a gindin kuka. Duk kuma wanda zai ɗana kibiya, sai ya fara zuwa ya duba. Dogara ne da kansa ya koya wa Ranau, har da jan kunne.

Ana nan, a cikin bazarar shekara ta biyu, gara ta cinye kan burtun Dogara, ya zama sai ya harbo wani tsuntsun ya yi sabo. Da safe Ranau ya ce zai yi yamma duba tarko. Ashe a hanya ya ci karo da sawun gwanki ya nufi fadama, sai ya juya ya bi shi.

Da hantsi Dogara ya taso daga gulbi, ya ɓullo wa fadamar ta baya. Ga burtaye bakwai suna kiwo, ɗaya ya fi sauran girma da kyan kai. Kukar kuwa tana can ɗaya gefen, tafiyar da ba ta kai a sha fura a gama ba. Zuciyarsa ta ce masa ya je ya duba. Ya ce a ransa, "Kai, ai Ranau yana yamma. Kafin in je in dawo sun watse." Ya ɗana kibiya mai dafi, dafin da shi ya dafa da hannunsa, wanda ya san ba shi da makari. Ya saki.

Shida suka tashi. Na bakwai ya ce, "Wayyo Inna!"

Dogara ya yar da baka ya ruga. Ya yaye zanen, ya tsotsi raunin, ya ɗura masa duk wani sassaƙe da ke cikin burgaminsa, ina! Dafi ya riga ya bi jini. Ranau ya dube shi, idanunsa suna lumshewa, ya ce, "Yaya, ban ɗora duwatsun ba ne? Na ɗauka na ɗora." Dogara ya buɗe baki, kunya ta hana shi cewa bai duba ba. Da Ranau ya ji shiru sai ya ce, "To mantuwata ce. Ka yafe mini, Yaya, na ja maka." Maganarsa ta ƙarshe ke nan.

Dogara ya saɓo shi a kafaɗa ya nufi bukka. Da ya iso gindin kuka, ga su nan, duwatsu uku, ɗaya bisa ɗaya, an ɗora su tsaf yadda ya koyar. Nan ya sauke Ranau.

A nan ya binne shi, bai kuma iya komawa arewa ba. Da wane ido? Fatake ya ba saƙo, su kuwa suka isar da abin da suka zata, cewa Ranau ya manta ƙa'ida. Bayan damina suka dawo da amsar tsohuwa: ta yafe wa Dogara, ta ce dama yaron nan tun yana ƙarami akwai mantuwa. Wallahi da zaginsa ta aiko da ya fi masa sauƙi. Ba ta ƙara shekara ba ta rasu a kan wannan zato.

Ya karya bakansa. Ya kwaɓa ƙasa ya kewaye duwatsun da katanga wadda ta fi mutum tsawo, babu ƙofa babu rufi, don kada wani ya gani. Albarkar fadama ta jawo manoma da masunta, bukka ta zama tunga, tunga ta zama gari, suka ba shi shugabanci. Ya haƙa musu rijiya, ya raba gonaki, bai taɓa danne haƙƙin kowa ba sai na mutum ɗaya. Shekara arba'in yana jin iyaye suna yi wa 'ya'yansu faɗa da cewa, "Kada ka yi mantuwar Ranau," yana sunkuyar da kai.

Da ya ji jiki ya ƙi, sai ya sa aka ɗauke shi zuwa gindin kuka da la'asar, gari duka ya taru. Ya ce a fasa katangar ta gabas. Aka fasa. Damina arba'in ta zuba a kansu, amma duwatsun suna nan a ɗore, ko gocewa ba su yi ba. Ya ce, "Jama'a, ku duba da kyau. Bai manta ba. Ni ne ban duba ba." Sa'an nan ya ja jiki ya matsa kusa, yana kuka kamar yaro, ya ce, "Ka ɗora, Ranau. Wallahi ka ɗora." Kwana uku bayan haka aka binne shi kusa da ƙaninsa, aka kuma sa wa garin sunan da ya roƙa, Tungar Ranau.

Katangar tana nan har yau. Shekarun baya ma'aikatan kula da kayan tarihi suka zo da mota, suka auna ta tsawo da faɗi, suka shigar da ita cikin jerin wuraren tarihi na ƙaramar hukumarmu, suka kafa allon ƙarfe mai lamba. Sun kyauta, ba mu raina ba. Sai dai allon ya ce "Ginin Dogara, wanda ya kafa gari," shi ke nan, ko sunan mai duwatsun babu.

Mu dai ba ma harbin burtu a ƙasar nan. Kuma duk ɗan garin da ya bi ta gindin kukar, ko kaya ne a kansa, ko sauri yake yi, sai ya tsaya ya leƙa ta wurin da aka fasa, ya duba da idonsa, sa'an nan ya ce, "Ka ɗora, Ranau."