Jan Diddige a Walimar Kansila

Akwai wani baduku a Ƙofar Wambai mai suna Ɗantani. Masu cewa labaraina shaci-faɗi ne, na yafe muku, amma ku karanta har ƙarshe.

Shekarar da soja suka miƙa mulki, sabon kansila ya ba shi aikin jan takalmi ƙafa ɗari, na rabo a walima, cikin kwana goma. Sharaɗinsa ɗaya: kowanne ya fito da tambarin gidan su Ɗantani, wanda tun zamanin mahaifinsa ake saye ba a dubawa.

Gwaggo Mailafiya, ƙanwar mahaifin, ita ke rina fatar gidan da karan dafi.

"Talatin za mu iya," ta ce. "Koma ka faɗa masa."

"Gwaggo, zamani ya canja. Yanzu mai suna ba ya zaman ɗinki, rarraba aiki yake."

"To abin da za su kawo, ka jiƙa ka gani."

Bai jiƙa ba. Saba'in ya ba wasu masu ɗinki a bayan kasuwa. Ana gobe walima suka kawo, ya bi su da tambari.

Aka raba, kowa ya saka. Da aka kira la'asar, manya suka yi alwala, suka zura ƙafa a jiƙe cikin sababbin takalman. Ɗantani na tsaye yana karɓar yabo sai ya ga ja na bin diddigen wani dattijo. Sai na kusa da shi. Sai bakin fararen wanduna, sahu guda. Ashe kala aka shafa wa fatar, ba rini ba.

Kansila ya cire nasa, ya kifa shi.

"Malam Ɗantani, tambarin wa ne wannan?"

"Namu ne, ranka ya daɗe, amma ba mu muka..."

"Ban san su ba. Kai na sani."

Da ya koma gida, Gwaggo ta miƙo hannu kawai. Ya ba ta tambarin, ta ƙulle a bakin zane.

"Takalmin da ban jiƙa da hannuna ba, ba zai ga wannan ba."

Yadda aka yi na sani? Cewa na yi ni ɗan uwan kansila ne, aka ba ni nawa. Mutum mai kyan ƙafa irina, kwana uku ina yawo da jan diddige. Har yau ba wanda ya ba ni haƙuri.

Darasi: Kana iya ba da aiki waje, amma nauyin sunanka ba ya tafiya tare da shi. Abin da ba ka duba ba, kada ka sa masa tambarinka. Ku tura wa masu sana'a, kuma ku faɗa musu ni na faɗa.