Ranar da Amsakine Ta Kashe Wuta

A zamanin da giwaye ke kiwo har bakin Tafkin Cadi, akwai ƙauyuka uku na Larabawan Shuwa a kan wani dogon tudu. Kowane ƙauye da wutarsa, wadda kakanni suka taho da ita daga gabas cikin kasko. Al'adarsu kuwa ba ta da sauƙi: duk zuri'ar da ta ɗebo wuta a murhun wata, ta zama baranyarta, sunanta ya shafe ke nan.

Wata shekara damina ta yi hauka. Ruwa ya kewaye tudun, ya kashe wutar ƙauyuka biyu, itace da audugar ƙyastu suka jiƙe sharkaf. Ruwan nan kuma ya koro wani zaki mai farar geza, wanda aka ce mashi ba ya kama shi. Duk gidan da ba hayaƙi, nan yake shiga, ko da rana tsaka.

Jidda ɗan Annur maharbi ne a ɗaya daga ƙauyukan da wutarsu ta mutu, ana yi masa kirari da "na Annur, mai kwana da mashi." Amma ran da ya ga sawun zakin a bayan bukkar da 'yarsa Fanne ke kwance da zazzaɓi, wallahi bai ko waiwayi mashin ba. Ya goya yarinyar, ya ɗauki kasko, mutanen ƙauyukan biyu suka bi shi tsit, har gaban Amsakine, tsohuwar da ke tsaron wutar da ta rage.

Ya durƙusa ya ce, "Iya, ki ba mu wuta. Sunanmu mun bar muku."

Tsohuwa ta dube shi, ta dubi yarinyar. Sai ta ɗauki tulu ta juye a kan murhun.

Salati ya tashi ta ko'ina. Jidda ya ce, "Iya, kin kashe mu!"

Ta ce, "Yanzu ba mai wuta, ba bara. Ku ƙyasta sabuwa."

Ba ta rufe baki ba suka ji gurnani a cikin ciyawa, kusa ƙwarai. Amsakine ta farke matashin kanta ta zaro busasshiyar auduga. Wani maƙeri daga cikin masu neman wutar ya hau ƙyastu, dutse na suɓucewa. Jidda ya sauke Fanne ya tare hanya. Zaki ya fito, ya daka tsalle ɗaya. Kafin audugar ta kama har hayaƙi ya kore shi, ya riga ya raba Jidda da hannunsa na dama.

Fanne ta rayu. Ba wanda ya koma tsohon ƙauyensa. A nan suka kafa bukkoki, garin ya zama Narwahda, wato Wuta Ɗaya. Har yau a garin ba a roƙon wuta. Shiga ake yi a ɗiba, da hannun hagu, kamar yadda Jidda ya ƙare rayuwarsa yana yi.