Fasinjojin Issoufou

An yi wani mutum a nan Gaithersburg ta Amurka, ya 'yan uwa, ba zan kama sunansa ba. Ni dai yau daɗi ya ishe ni, jiya aka raɗa wa ɗiyata suna Hairat, falo ya cika har bakin ƙofa! Cikar falon nan ce ta tuna mini da shi.

Da ya sauko daga Yamai, wani direban tasi ɗan ƙasarmu, Issoufou, shi ne ya ba shi wurin kwana, ya koya masa hanya har ya samu tasi tasa. Kun san al'adar direbobinmu: in matarka ta haihu, ɗan uwa ya riƙe maka fasinjojinka na kullum har a yi suna, sannan ya mayar maka. In tasa ta zo, kai ma ka riƙe masa. A ajinmu na Turanci malama Abby ta ce wannan shi ne reciprocate, wai daga Latin ta fito, abin da ya je ya dawo. Na ce malama, mu ramawa muke cewa.

To, Rakia matar Issoufou ta haifi namiji. Mutumin nan ya zo barka, ya ga jariri, ya ga sabon gida, kowa sai Issoufou, Issoufou. Zuciyarsa ta yi baƙi. Da me ya fi ni? Ba tare muke tuƙi ba?

Aka damƙa masa tsofaffin da Issoufou ke kaiwa asibiti. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, wai Issoufou ya koma gida, ba zai dawo ba. Suka zama nasa.

Ana nan sai ɗaya daga cikinsu, Mama Loveth, ta ci karo da Issoufou a shagon nama. "Ɗana, ba an ce ka koma Nijar ba?"

Magana ta fito. Tsofaffin suka bar mutumin, direbobi suka daina ɗaga wayarsa. Har motar sai da ya sayar.

Can sai matar mutumin ita ma ta haihu. Ranar sunan nasa ɗan, an jera kujeru, shinkafa ta huce a tukunya. Mutum ɗaya ne ya ƙwanƙwasa ƙofa. Issoufou ne, ɗauke da naman rago, shi ya je gonar da ake sayar da raguna ya yanka masa. Mutumin ya kasa ɗaga ido.

Ya 'yan uwa, me hassada ta bar masa? Wanda ya riƙe maka, ka riƙe masa. Allah ya kiyaye mu, ya raya mini Hairat da farar zuciya.