Waƙar da Jarvis Ya Yi wa Fuskar Matarsa

A zamanin da, an yi wani mutum a unguwarmu ta tsallaken kogi, nan Landan, sunansa Jarvis Pennock. Ɗan wasan kwaikwayo ne, amma bakinsa ne ya yi masa suna. In ya yabe ka sai ka ji kanka ya kumbura, in ya zage ka sai ka daina bin hanyar kasuwa.

A gidan wasansu, in an tashi daga wasa da la'asar, Jarvis kan fito shi kaɗai ya tsaya a dandamali. 'Yan kallo su jefo masa abin da suka ga dama, ko sunan mutum, ko dabba, ko unguwa, shi kuma ya ƙulla baiti a kai nan take. Al'adar ita ce abin da aka jefo ba a mayar da shi. Jarvis kuwa kullum cikin bugun ƙirji yake cewa bai taɓa mayarwa ba.

Matarsa Dorcas ita ke ɗinka musu kayan wasa a bayan labule. Da waƙa ya samo ta, waƙar da har masu kwalekwale suka riƙa rerawa a kogi:

Dorcas farin watana,
Ke ce sanyin idona,
Ko Landan ta ƙone ƙurmus,
Fuskarki kaɗai ce garina.

Bayan aurensu agana ta kwantar da Jarvis. Abokan shan giyarsa duk suka ɓace, Dorcas ce ta zauna a kansa. Shi ya tashi da fuska sumul. Ita ta kwashi ciwon, ta tashi da zanzana, ramuka tun daga goshi har haɓa. Tun daga nan ba ta fita sai da mayafi, kuma ba wanda ya taɓa jin ta yi masa gori.

Sai aka shiga wata bazara mai nauyi. Ƙararrawar coci ta sanar da mutuwa ta fara kaɗawa fiye da yadda aka saba, ana raɗe-raɗin annoba ta shigo ta bakin ruwa. Mutane suka ragu a gidan wasa, waɗanda suka rage ma rabinsu sun koma kallon faɗan karnuka da bijimai.

Tsohon da ke shugabantar 'yan wasan, Baba Ambrose, ya ja Jarvis gefe.

"Ɗana, garin nan ba lafiya. Mutum in yana jin tsoro, dariyar mugunta yake nema. Ka iya bakinka kwanan nan."

Jarvis ya yi dariya. "Haba Baba, tsufa ne ya fara taɓa ka. Ni da bakina ai mun san juna."

"Shi ya san ka," in ji tsohon. "Kai ne ban tabbata ka san shi ba."

Ranar kuwa wasa bai yi armashi ba. Da Jarvis ya fito, aka jefo masa kalmar kare, ya yi baiti, shiru. Aka jefo lauya, ya yi, shiru. Wani ya wurgo masa guntun tuffa ya same shi a kafaɗa. Mutane suka fara juya baya suna neman ƙofa, abin da Jarvis bai taɓa gani ba tun da ya hau dandamali.

Can sai wani mahauci da ya sha ya yi tatul ya ɗaga murya: "Kai mai baki! In ka isa, yi mana fuskar matarka!"

Waɗanda suka kai ƙofa suka tsaya. Baba Ambrose yana gefen labule yana girgiza masa kai. A bayan labulen Dorcas na zaune da allura a hannu, kuma Jarvis ya san tana nan.

Jama'a, kalma ɗaya ce za ta cece shi: a'a. Amma ya dubi idanun nan da suka dawo kansa, daɗi ya kwashe shi. Ya gyara murya:

Fuskar Dorcas rariya,
Ta fi ramukan tsohuwar hanya,
In an yi ruwa kwaɗi su taru,
Kowane rami da ɗan haya.

Gidan ya ɗauka da shewa. Wasu har da riƙe ciki. Aka sa shi ya maimaita, ya maimaita, har suka haddace. Da ya koma bayan labule yana haƙi da murna, sai ya tarar da kujera ba kowa, rigar sarkin wasa a ƙasa, allura soke a jikinta.

A gida ya same ta tana ƙulla kayanta.

"Dorcas, wasa ne fa! Kin san al'ada, ba a mayarwa."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Maigida, ramukan nan naka ne, ni dai na ɗaukar maka su." Ta ja mayafinta ta tafi ƙauye wajen yayarta.

Shi a zatonsa fushin kwana biyu ne. Ita kuwa waƙar ba ta tsaya jiran kowa ba. Masu buga waƙoƙi a takarda suka buga ta suna talla a bakin gada. Masu kwalekwale suka watsar da tsohuwar suka kama sabuwa. Jarvis ya yi ta roƙon mutane su bari, amma magana zarar bunu ce.

Sai annobar ta fito fili. Hukuma ta rufe gidajen wasa. Wata safiya Jarvis ya tashi da zazzaɓi da kumburi a hammata. Aka zo aka zana jan gicciye a ƙofarsa, aka garƙame, aka kafa mai gadi da sanda. Dokar kowa ya san ta: gidan da aka yi wa gicciye, na ciki ba ya fita, wanda ya shiga kuma ya zama na ciki.

Masu tafa masa ko ɗaya bai leƙo ba. Baba Ambrose ne kaɗai ya aika ƙauye da labari.

Ana nan sai ga mace da kwando, burodi da cuku a ciki, ta tsaya gaban mai gadi.

"Buɗe min."

"Baiwar Allah, kin ga gicciyen nan kuwa? In kin shiga ba fita."

"Na gani. Mijina ne a ciki."

Iska ta ɗaga mayafinta. Mai gadin ya ƙura mata ido, ya washe baki. "Af! Ashe ke ce ta cikin waƙar?"

"Ni ce. Buɗe."

Da Jarvis ya buɗe ido ya gan ta tana jiƙa masa goshi, kuka ya ƙwace masa.

"Dorcas, ki yafe min. Na ci amanarki."

"Na yafe tun a hanya, in ba haka ba da ƙafata ba ta kawo ni ba. Sha romon nan."

"In na tashi zan yi miki waƙar da za ta shafe waccan, na rantse."

Ta yi ɗan murmushi. "Waccan ta bar hannunka, maigida. Sha kawai."

Ta yi ta jinyarsa har kumburin ya fashe, zazzaɓi ya sauka. Ranar da ya iya miƙewa da ƙafarsa, ranar ita ta kwanta. Ni dai duk lokacin da na zo nan a labarin sai zuciyata ta karaya.

Da jikinta ya yi tsanani, ta kama hannunsa ta ce, "Rera min ta farko. Na daɗe ban ji ta ba."

Ya durƙusa ya fara: "Dorcas farin watana..."

Sai ga murya daga waje. Mai gadi ne, zaman banza ya ishe shi, yana buga sanda a ƙasa yana rera abin da ya zo bakinsa: "Fuskar Dorcas rariya..." Ba da mugunta yake yi ba, waƙar ce kawai ta kama masa baki kamar yadda ta kama wa kowa.

Jarvis ya ɗaga murya don ya danne ta, amma ciwo ya cinye masa ƙarfi. Ya ruga ya yi ta dukan ƙofa yana ihu a yi shiru. Kafin ya dawo bakin gado, Dorcas ta cika.

Da masu keken gawa suka zo, ɗayansu ya tambayi mai gadi, "Wa muka samu a nan?"

"Matar mai waƙa ce."

"Wace?"

"Dorcas Rariya mana."

"Allah sarki," in ji mutumin. Suka ɗora ta, suka ja keken suka tafi, na baya yana busa karin waƙar da fito. Jarvis na tsaye a taga yana ji har suka sha kwana.

Darasi: Kada ka sayi dariyar mutane da mutuncin wanda ya tsaya maka ranar da suka gudu. Yabo yakan tsufa a manta da shi, amma zagi in ya fita baki yakan bi mutum har kabari, ko da wanda aka zaga ya yafe. In an tura ka ka taɓa naka, ka ce a'a, ko da za a watse a bar ka kai kaɗai. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman mai kaifin bakin nan da kowa ya sani a cikinku.