Safiyar da Mas'udu Bai Jira Ba

Akwai wani mai gyaran babur a Tsafe, Mas'udu, wanda duk mai shiga tasha ya san shi. Shekara goma sha biyu ya yi yana kabu-kabu kafin ya buɗe shagonsa, kuma a tsawon shekarun nan bai taɓa faɗuwa da fasinja ba. Gaskiya ce, ba mai ƙwace masa ita. Sai dai ya yi ta maimaita ta har ta zame masa ciwo. Ko maganar noman wake ake yi a majalisa, sai ya san yadda ya jawo ta ta ƙare a kan hannunsa da birki.

Da Allah ya buɗa masa, sai ya sayi doki. Baƙin ingarma ne ɗan shekara huɗu, daga hannun wani dillali a Gusau. Abokansa uku suna da dawaki, suna fita kilisa ranar Juma'a bayan la'asar, shi kuwa ba ya iya ganin ana abu babu shi.

A gidansa yarinya ɗaya ce tal, Hussaina, 'yar shekara shida. Tagwaye aka haife su, ƙyanda ta ɗauke Hassana tun suna goye, kuma tun daga nan Allah bai sake ba matarsa Wasila haihuwa ba. To, kun san yadda ake riƙon irin wannan ɗiya. Ko tari ta yi, gidan ba mai sukuni.

Tun ranar da aka ɗaure dokin a turke, Hussaina ta rasa zama. Safe da yamma maganarta ɗaya, yaushe Baba zai ɗora ta a gabansa su zagaya gari. Mas'udu ya yi mata alkawari. Wasila, wadda ba ta saba musu da mijinta ba, a nan kam ta tsaya kai da fata. Ta ce ɗiyarta ba za ta hau dabbar nan ba sai ya je ya koyi hawa a wurin kawunta.

Kawun nan nata shi ne Baba Lawwali na Furfuri, can ƙasar Bungudu. Tsoho ne siriri, mai ɗan ɗingishi, wanda ya fi shekara arba'in yana horar da dawaki. Masu wasan polo daga Kaduna sukan aiko masa da dokin da ya gagare su. Mutane sukan yi wata da watanni suna neman ya ba su ko da yini ɗaya, ya ce ba shi da sarari. Amma da Wasila ta kira shi, sai ya ce mijinta ya zo da dokin, ya zauna kwana bakwai.

Wallahi mutane da yawa da sun sami wannan dama da sun yi sujada. Mas'udu kuwa ya loda dokin a mota yana ƙunƙuni, wai don dai a zauna lafiya a gida.

Ranar farko ko sirdi bai gani ba. Baba Lawwali ya miƙa masa tsintsiya da kwando, ya ce ya share turken, ya wanke dokin, ya goge shi, sannan ya riƙe ragama ya ja shi a ƙafa har bakin rafi ya dawo. Ya ce doki ba ya yarda da wanda bai san warinsa ba. Mas'udu ya yi, amma fuskarsa kamar an aiko masa da rasuwa.

Rana ta biyu aka fito da sirdi. Ɗaura, kwance, ɗaura, kwance, har rana ta take. Bayan azahar tsohon ya sa wa dokin linzami, ya ba Mas'udu ya riƙe daga ƙasa, ya ce ya ɗan tsayar da shi. Mas'udu ya finciko. Dokin ya wangale baki, ya ɗaga kai sama, idonsa ya yi fari.

Baba Lawwali ya kama hannun Mas'udu ya juya shi, ya duba tafin.

“Hannun birki gare ka,” in ji shi. “Ƙarfe ka saba matsawa. Wanga kuwa nama ne, yana jin zafi, kuma bakinshi ɗanye ne.”

Maganar ta soki Mas'udu. Hannun da yake taƙama da shi duk Tsafe, shi ne yau ake kushewa a gaban mutane. Ana cikin haka wani Alhaji ya iso daga Gusau a mota, ya zo duba dokinsa. Ya ga Mas'udu da kashin doki a ƙafar wando, sai ya ɗauka ma'aikacin gidan ne, ya ce ya ɗauko masa kujera. Shi ke nan, ran maza ya ɓaci. Mas'udu ya kira direban da ya kawo shi, ya ce ya zo yanzu-yanzu.

Tsohon bai yi faɗa ba. Ya bi shi har bakin mota da ɗingishinsa, ya ce ya daure ya kwana. Gobe da safe akwai abu guda da zai nuna masa, bayan shi in ya so ya tafi. Mas'udu ya sunkuyar da kai irin na ladabin suruki, ya ce aiki ya taru a shago, zai dawo in sha Allahu. A zuciyarsa kuwa ya riga ya rantse ba zai sake taka Furfuri ba.

Da ya isa gida, Wasila ta yi mamakin ganinsa. Ya ce mata Kawu ne ya sallame shi, wai ya ga hannunsa ya riga ya faɗa, ba sai ya cika bakwai ba. Ta yarda. Me zai sa ta ƙi yarda? Baba Lawwali ya kira wayar Mas'udu sau biyu ba a ɗauka ba. Ya yi tunanin kiran Wasila, sai kunya ta hana shi, don babba ba ya kai ƙarar miji wurin matarsa. Ya bari a kan sai sun haɗu.

Abin takaicin shi ne, hawan ya yi ta tafiya daidai. Juma'a uku Mas'udu yana fita da abokansa, dokin yana bi, ba abin da ya faru. Kai ya ƙara kumbura. A majalisa har kwaikwayon tafiyar tsohon yake yi, ana dariya, yana cewa an so a mai da shi mai kwashe kashin doki a kan abin da ya koya cikin yini ɗaya.

Juma'a ta huɗu ya ce yau ranar Hussaina ce. Wasila ta yi mata wanka, ta sa mata atamfarta ta Sallah, ta rangaɗa mata kwalli. Ita da kanta ta ɗaga ta ta miƙa masa a ƙofar gida, ta ce kada su yi nisa. Yarinyar ta zauna a gabansa tsakanin hannayensa biyu, tana ɗaga wa maƙwabta hannu, bakinta har kunne.

Sun zagaya unguwa lafiya. Da zai juya gida, sai ya ga bai kamata a ce 'yan tasha ba su gan shi ba. Ya karkata dokin ya nufi babban titin da ya ratsa gari, wanda manyan motoci ke bi daga Funtuwa zuwa Gusau.

Suna gefen titi wata tirela ta taho daga baya, direban ya danna hon. Dokin ya zabura, ya yi gaba da gudu taku uku ko huɗu. Hannun Mas'udu ya yi abin da ya shekara goma sha biyu yana yi. Ya damƙe linzamin da hannu biyu, ya ja iya ƙarfinsa.

Dokin ya miƙe tsaye a kan ƙafafun baya. Mas'udu ya ji yana zamewa, sai ya ƙara rataya a jikin linzamin don kada ya faɗi. Da nauyinsa duka ya jawo kan dokin baya. Masu shayi da ke wurin suka ce sun ga dabbar ta tsaya a sama kamar ba za ta sauko ba, sannan ta kife ta baya.

Shi ya faɗa gefe, ya gurje kafaɗa kawai. Hussaina ce dokin ya danne da sirdi.

Ba ta yi kuka ba, kuma wannan ya fi komai tsorata shi. Ya ɗauke ta yana kiran sunanta, aka sa su a mota zuwa asibiti a Gusau. Daga can aka tura su Sakkwato. Wata biyu suka yi. Ran da za a sallame su likita ya kira Mas'udu gefe, ya gaya masa cewa ƙashin bayan ya taɓu, daga ƙugu zuwa ƙasa ba ta jin komai, kuma kada su sa rai da yawa. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Mas'udu ya jingina da bango ya yi kuka kamar ƙaramin yaro.

Da suka dawo Tsafe, duk wanda ya zo dubiya labari ɗaya yake ji, mugun doki ne, dillali ya cuce shi. Har ya yi magana da masu sayen dawakin yanka su zo su ɗauke shi. Ya faɗi maganar sau da yawa har shi ma ya fara yarda da ita.

Kwana uku da dawowarsu Baba Lawwali ya zo. Ya shiga ya ga yarinyar a kwance, ya yi mata addu'a, ya fito yana share ido da bakin rawani. Bai nufi zaure ba, sai ya nufi turke. Dokin ya rame, haƙarƙari a waje. Tsohon ya yi masa magana a hankali, ya buɗe bakin dokin, ya kira Mas'udu ya zo ya gani. Harshen a yage yake kusan rabi, ya warke a karkace. Ba hon ɗin mota ba ne ya yi wannan.

Mas'udu ya daɗe yana kallo. Can ya tambaya mene ne abin da aka so a nuna masa a safiyar da bai jira ba. Tsohon ya ce ya bar shi, abin da ya wuce ya wuce. Mas'udu ya haɗa shi da Allah.

Baba Lawwali ya ɗauki igiyar ragama ya dunƙule ta a hannu, sannan ya buɗe hannun, igiyar ta faɗi.

“In doki ya miƙe, sai ka saki linzami, ka kwanta gaba ka rungumi wuyanshi. Da kanshi za ya sauko. Ina da tsohuwar goɗiya da nike koya ma mutane da ita. Kafin rana ta yi zafi, da hannunka ya saba.”

Sannan ya ce shi ma yana da nasa laifin. Da ya ajiye kunya ya kira Wasila ya gaya mata mijinta ya tafi ba a gama ba, da ba a kai ga haka ba.

Wasila tana bakin ƙofar ɗaki da kwanon ruwan da ta kawo wa kawunta. Ta ji komai. Ta ajiye kwanon a ƙasa a hankali, ta dubi mijinta.

“Baban Hussaina, ni na ɗaga ta na miƙa maka. Da hannuna.”

Iyakar abin da ta ce ke nan. Ba ta yi yaji ba, ba ta kira kowa ba. Tana dafa masa abinci, tana amsa sallamarsa, amma tun daga ranar ba ta sake tambayarsa komai ba, ko da ina za shi ne.

Baba Lawwali ya tafi da dokin Furfuri.

Yanzu shekara biyu ke nan. Kullum da safe za ka ga Mas'udu ya goyo Hussaina a baya, ya kai ta makaranta, ya zaunar da ita a benci, ya gyara mata ƙafafu ɗaya bayan ɗaya. Yarinya ce mai surutu har yanzu. Duk sabuwar ƙawar da ta tambaye ta abin da ya same ta, sai ta ce wani mugun doki ne ya kayar da su, kuma da ba don babanta gwani ne ba, da ta mutu.

Yana tsaye yake jin ta. Sau da yawa ya yi niyyar gaya mata gaskiya, har ya buɗe baki, sai ya kasa. Sai ya ce mata ta yi karatu da kyau, zai dawo ɗaukarta da azahar.

Darasi: Gwanintarka a wani fage ba ta sa ka zama gwani a ko'ina, wani lokaci ma ita ce za ta cuce ka. In Allah ya haɗa ka da wanda ya san abu, ka ajiye girman kai ka zauna har ya ce ka tashi, domin sau da yawa ba kai za ka ɗauki wahalar gaggawarka ba, wanda ka fi so ne zai ɗauka. Kai kuma babba, in ka ga haɗari, kada kunya ta rufe maka baki. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman masu ganin sun wuce a koya musu.