Rigar da Ta Ƙi Zama a Jikin Corinne

Odell, Vernice, ku ture farantin nan ku saurare ni. Maganar autarku Corinne ce.

Kun san halinta, ita ce mai ilimin gidan nan. Shekara goma sha tara tana aikin jinya a nan Toledo, yanzu kuma ita ke kula da masu ciwon hanta da ake gwada sabon magani a kansu. Wanda ya makara zuwa ɗibar jini da kwana ɗaya, sai ta bi shi da waya har gida. Duk watan Oktoba tana tara matan cocinmu, tana koya musu yadda mace za ta laluba nononta ko akwai ƙari. Ni kaina ta taɓa gwale ni a gaban jama'a, wai ba haka ake ɗora yatsu ba.

Mako uku da suka wuce ta zo in gwada mata rigar bikin 'yarki, Vernice. Ban gama makaranta ba, amma shekara hamsin ina ɗinki, na san jikin mace. Rigar ta ƙi zama a ƙirji, ta ɓangaren hagu. Na kai hannu in gyara, sai na ji abu mai tauri, ya kusa girman ƙwai. Alluran da ke bakina suka zube ƙasa.

Na ce, "Yaushe rabonki da ki duba kanki?"

Ta ce, "Mama, ki yi ɗinkinki, ki bar mana aikinmu."

Na kulle ƙofa, na ce ba inda za ta. Sannan ta faɗa: rabonta ya fi shekara huɗu. Bara an raba wa ma'aikatan jinya takardar tambaya, ko suna duba kansu duk wata, ta rubuta "e" don kada a ce mai koyarwa ba ta yi.

Na tasa ta zuwa asibiti. Jiya sakamako ya fito. Sankara ce, kuma ta riga ta taɓa hanta. Hanta fa. Kafin likita ya buɗe baki, Corinne ta karanta hoton da aka ɗauka na hantar da kanta. Ya ce a fara magani ranar Litinin. Ita kuwa wai sai an rufe binciken sabon maganin nan a watan Maris, don majinyatanta arba'in ba su saba da kowa ba sai ita.

Ku riƙe wannan: ciwo ba ya duba takardar shaidarka, kuma abin da ka koya wa wasu ba ya warkar da kai sai ka yi shi a jikinka. Ni na yi faɗana har murya ta dushe. Tana sama, a tsohon ɗakinta. Ku hau ku raba gardamar nan yau, ku sauko ku gaya mini wanda zai kai ta asibiti ranar Litinin.